Tasha Ba Jirgi: Sharhi Kan Jirgin Fasinja a Harshe da Adabin Hausa

Duk wanda ya saba duba kundayen da ɗalibai ke rubutawa a kan aron kalmomi a Hausa ya san wani jadawali da ba ya ɓacewa a cikinsu. Akan sa masa kan magana "Sufuri", sa'an nan a jero kalmomi irin su tasha da tikiti da fasinja da tarago da reluwe, a kawo asalinsu na Ingilishi a gefe guda, a rufe da cewa zuwan jirgin ƙasa ne ya kawo su. Maganar rabin gaskiya ce, irin wadda kan hana a nemi sauran rabin. Jadawalin ba ya faɗin inda kalma ta sauka, ko bakin wa ta bi, ko abin da ta tarar a wurin, balle abin da ya same ta bayan jirgin da ya kawo ta ya daina zuwa. Kazalika ba ya tambayar dalilin da ya sa abin da ya cika bakin mutane haka ya kasa samun gurbin kirki a waƙa da ƙagaggen labari. Wannan maƙala za ta ɗauki tambayoyin nan a matsayin tambaya ɗaya, za ta kuma dube su daga wani wuri da jirgin ƙasa bai taɓa takawa ba, watau ƙasar Bagudo ta Jihar Kebbi, inda garuruwa irin su Matsinkai da Illo da Ka'oje da Lolo suke, daf da iyakar Jamhuriyar Benin.

Idan aka shimfiɗa taswira za a ga cewa ƙasar nan tana zaune ne a tsakiyar wani fili da layukan dogo huɗu suka kewaye, babu kuwa wanda ya shigo shi. Daga arewa maso gabas akwai Ƙauran Namoda, inda reshen da ya taso daga Zariya ya tsaya a 1929. Daga kudu akwai Jeba, inda babban layin Ikko zuwa Kano ya ƙetare Kogin Kwara. Daga kudu maso yamma, cikin Benin, akwai Faraku, ƙarshen layin da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano, mai tsawon kilomita 438, wanda ya isa can a 1936. An yi nufin ya zarce har bakin Kwara ya shiga Nijar, bai zarce ba, kuma tun cikin shekarun 2000 aka daina ɗaukar fasinja a kansa. Na huɗu shi ne layin Yamai zuwa Dosso da kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗawa a 2014, aka yi bikinsa a 2016, wanda bai taɓa zama hanyar fasinja ta yau da kullum ba. Kowace daga cikin tashoshin nan huɗu ta haura kilomita 200 daga Bagudo. Mutumin Matsinkai ke nan ya kwashe kusan shekara ɗari yana jin labarin jirgi daga kowace kusurwa, kalmomin jirgi suna iso masa, jirgin kansa ba ya zuwa. Wuri irin wannan ya fi birnin Kano dacewa da gwajin abin da jadawalin can ke faɗi, domin a nan ana iya raba kalma da abin da take kira.

Tashar da ta fi shafar Lardin Sakkwato na da ita ce ta Ƙauran Namoda, tare da 'yar'uwarta ta Gusau. Reshen nan, mai tsawon kilomita 221, ya bi ta Funtuwa da Gusau ne don auduga da gyaɗa da fatu da kiraga. Inda kaya suke nan ya nufa, inda ya ga sun ishe shi nan ya tsaya, bai ƙarasa birnin Sarkin Musulmi ba, balle Gwandu ko Argungu. Fasinja a kan reshe irin wannan ɗan rakiya ne. Wanda ya fito daga yammacin lardin sai ya yi tafiyar ƙasa ko ta jaki, daga baya ta babbar mota, kafin ya ga tasha. In ya samu ya yanki tikiti, Zariya zai fara sauka, a can ne zai nemi jirgin Kano ko na Kaduna da Ikko. Taragun kuwa hawa-hawa ne: faskila ta Turawa da manyan ma'aikata, sikinkila ta akawuna da attajirai, sa'an nan taragon gama-gari mai kujerun katako, inda ɗan ci-rani da almajiri da mai tallar goro kan haɗu. A gefen tasha aka kafa kantunan kamfanonin sayen amfanin gona, da sito-sito da sikeli, da gidajen ma'aikatan reluwe, da Sabon Gari na baƙi. Wannan tsari ne da aka maimaita a Zariya da Kano da Gusau, har ya zama an san garin reluwe tun daga fasalinsa.

Kada a ɗauka cewa rashin isowar dogo ya bar ƙasar Bagudo yadda take. Kafin zuwan Turawa, ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta bi ta nan ne: daga Sakkwato da Jega ayari kan gangaro bakin Kwara, ya yi fito a wajen Illo ko Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu zuwa Jugu, ya nufi Salaga ta ƙasar Gwanja. Paul Lovejoy ya bi diddigin wannan ciniki a littafinsa na 1980 a kan ayarin goro. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta tsaga Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingilishi. Da dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912, sai goro ya sake hanya: a loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga nan a sa shi a tarago, ya isa Kano cikin kwanaki maimakon watanni. Alhassan Ɗantata yana cikin waɗanda suka fara gane wannan. Ribar da Kano ta ci, zangunan yamma ne suka biya ta. Madugu da jagaba da mai masauki da mai fito duk sana'arsu ta ja baya saboda wani ƙarfe da ba su taɓa gani ba. Mutane dai ba su daina bin hanyar ba. Ƙidayar 'yan ci-rani da R. M. Prothero ya yi nazari a kanta, wadda aka gudanar a Lardin Sakkwato a ranin 1952 zuwa 1953, ta nuna cewa akasarin masu fita neman kuɗi a ƙasa suke tafiya, shekara ashirin da 'yan kai bayan buɗe tashar Ƙaura.

To, sai a koma ga kalmomin. Abu na farko da jadawalin ke ɓoyewa shi ne, kalmar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fage ba aro ba ce. Jirgi Hausa ce tsantsa, kuma ta bakin kogi ce: itacen da aka fafe ake fito da shi. Da Bahaushe ya ga abin da ke ɗaukar mutane da yawa da kayansu a cikinsa, a shiga a zauna a kai su, sai ya ba shi sunan abin da ya sani mai wannan aiki, ya ƙara masa "ƙasa". Daga baya aka yi wa na sama haka. Har na asalin ya zama sai an ƙara masa "ruwa" kafin a bambanta shi, watau mai gida ya koma neman shaida a gidansa. Haka tuƙi. Da can jirgin ruwa ake tuƙawa, da tuwo. Yanzu mota da jirgin ƙasa da na sama duk tuƙa su ake yi, mai yi kuma matuƙi ne, ko da yake babu filafili ko muciya a hannunsa. Wani abin dariya a tarihi shi ne, kafin a gama gadar Jeba, taragun Ikko sai an ɗora su a kan jirgin ruwa an yi fito da su, sa'an nan su ci gaba zuwa arewa. Jirgi ya ɗauki jirgi ke nan, a zahiri, kamar yadda ya ɗauke shi a harshe.

Abin lura ga mai nazari shi ne ma'anar kalmar idan ta zo ita kaɗai, ba tare da wani ƙari ba. A Zariya ko Gusau ta shekarun 1950, in aka ce "jirgi ya iso", na ƙasa ake nufi. A Kano ta yanzu, in aka ce wane ya tafi a jirgi, hankali kan na sama yake zuwa. A garuruwan bakin Kwara kuwa, inda Sarkawa ke su, inda ake ƙetare ruwa don zuwa kasuwa ko gona, kalmar tana nan a kan ma'anarta ta farko. Ƙamus kan jero ma'anonin uku bi da bi kamar 'yan gida ɗaya masu zaman lafiya, alhali kuwa kowace da garinta da zamaninta. Ko salon maganar nan da ake cewa "jirgi ɗaya ya kwaso su" ba hoto ɗaya yake kawo wa ɗan Illo da ɗan Sabon Garin Zariya ba.

Kalmar tasha ta fi kowace cancantar a tsaya a kanta. A Ingilishi asalinta ya fara da baƙaƙe biyu a jere, s da t. Abin da Hausa ta saba yi da irin wannan jeri shi ne ta saƙala wasali a tsakani, kamar yadda ta yi a sito da sitiyari da sitaci. A tasha ba a yi haka ba, an yar da baƙin farko ne ɗungum. Haka aka yi a titi. Wannan kuwa ɗabi'a ce da aka sani a aron da Yarbanci ya yi daga Ingilishi, kuma kalmomin biyu suna da takwarorinsu a can. Alama ce mai ƙarfi cewa ba daga bakin Bature kai tsaye Hausa ta karɓe su ba, sun biyo dogo ne daga Ikko a bakin akawu da lebura da ɗan kasuwa. Baƙin n na ƙarshe shi ma ya faɗi, ga alama kunnen Bahaushe ya ji shi kamar ɗafin nasaba, ya cire. Da kalmar ta ƙare da wasalin a sai ta zama mace, ta sami jam'i irin na gida, tashoshi. Daɗin daɗawa ta yi sa'ar kama da tashi, abin da matafiyi ke zuwa yi a wurin, don haka ba ta daɗe tana baƙunta ba. Ɗalibin da ya rubuta "daga Ingilishi" ya wuce ya zubar da duk wannan tarihi. Ya kuma zubar da karin harshe, domin a bakin mutanen yamma fasinja hwasinja ne, tashar mota kuma tasham mota, kuma irin wannan furuci ba ya shiga jadawali.

Bayan haka sai kalmar ta bar jirgi ta bi mota. A Bagudo da Ka'oje da Tsamiya akwai tasha, ana lodi, ana kiran fasinja, babu dogo ko taku ɗaya. A Nijar, inda ba a yi mulkin Ingilishi ba, kuma ba a san jirgin fasinja ba, Hausawan Maraɗi da Ƙonni da Yamai tasha suke cewa. Ƙauyuka da dama a ƙasashen biyu sun ɗauki sunan, irin su Tashar Yari a hanyar Zariya zuwa Kano, kamar yadda da can ake samun garuruwa masu sunan Zango. A nan ne ma asirin yake: tasha ta gaji zango. Ta gaji aikinsa, ta gaji irin mutanensa, masu abinci da 'yan dako da 'yan kamasho, har ta gaji tsarin sarautarsa. Kamar yadda ake da Sarkin Zango, da Sarkin Jirgi a mafitar kogi, haka aka naɗa Sarkin Tasha. To amma wace tasha? Ta mota. Shugaban tashar jirgin ƙasa bai taɓa samun rawani ba, ya zauna da sunan muƙaminsa na Ingilishi da hularsa ta hukuma har ya yi ritaya. Hatta zagin da kalmar ta haifa, "ɗan tasha", yaron tashar mota yake nufi. Al'umma ba ta raɗa wa abu sarauta da zagi sai ta ɗauke shi nata.

Wannan bambanci tsakanin tashoshin biyu shi ne mabuɗin tambaya ta biyu, ta adabi. Rubutacciyar waƙar da ta fi shahara a kan reluwe ita ce Waƙar Diga ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920. Sunanta ma ya isa sharhi: diga ce, kayan aikin haƙa. Waƙar ta fito ne daga zamanin shimfiɗa layin Baro zuwa Kano, sa'ad da aka ɗora wa sarakuna da hakimai nauyin tara talakawa su yi aikin, kuma masu nazari sun daɗe suna karanta ta a matsayin habaici ga mulkin da ya tilasta wannan. Reluwe ya shiga adabin Hausa ke nan ta ƙofar wahala, ta idon wanda aka sa ya tara leburori, tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Abin da ya biyo baya a shekaru hamsin na ganiyar jirgin fasinja bai kai wannan waƙa nauyi ba.

A waƙar baka lamarin ya fi fitowa fili. Makaɗin Hausa, na fada ne ko na jama'a, mutum yake yi wa waƙa: mai suna, mai asali, mai kyauta, mai abokin gaba da za a yi wa zambo. Abin hawa kan shiga waƙa ne ta hannun mai shi. Narambaɗa, wanda ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ba nisa da Ƙauran Namoda, ya yi wa doki waƙar da har yanzu ake nazarinta a jami'o'i, watau Dokin Iska Ɗanhilinge, domin dokin yana da ubangiji. Mota ta zo ta dace da wannan tsari kamar don ita aka yi shi. Tana da mai ita, Alhaji wane, tana da direba da ake sani da laƙabinsa da hanyar da yake bi, tana da yaro. Mamman Shata da Haruna Uji sun yi wa direbobi da masu motoci waƙoƙi, Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki mafi ƙanƙanta a cikinsu, karen mota, ya yi masa waƙar da ta fitar da shi kansa duniya. Jirgin ƙasa fa? Na gwamnati ne, daga 1955 kuma na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Hukuma ba ta da kaka da za a ambata, ba ta ba da riga ko kujerar Makka. Direban yana can cikin kan jirgi, fasinja bai ga fuskarsa ba, bai san sunansa ba, gobe kuma wani ne zai zo. Makaɗi ya rasa wanda zai kira, sai ya koma tashar mota.

Za a iya kawo suka a nan, a ce ai Shata ya yi wa kumbon Apollo 11 waƙa bayan saukarsa a wata a 1969, kumbo kuwa ba na wani Alhaji ba ne. Haka ne. Amma wannan waƙar mamaki ce, mamaki kuma ba ya jure wa sabo. Jirgin ƙasa ma ya ba da mamaki a shekarunsa na farko, sai dai abin da ke zuwa a kai a kai ba ya daɗewa yana ba da shi. Da mamakin ya gushe, babu dangantakar ubangida da bara da za ta riƙe shi a bakin mawaƙa. Waƙar Keke ta Aliyu Namangi ma ba ta karya wannan ba, domin keke abin mutum ɗaya ne, ana saye, ana aro, ana faɗuwa a kansa a gaban jama'a.

Akwai dalili na biyu, wanda ya fi na farko ɗaci. Aikin reluwe a Arewa, in ban da na ƙarfi, ya daɗe a hannun mutanen Kudu, waɗanda suka riga samun ilmin boko. Akawun tikiti da mai duba shi da direba da makanikin loko galibi Yarbawa ne da Ibo, harshen aiki kuma Ingilishi. Yajin aikin gama-gari na 1945, wanda Michael Imoudu na ƙungiyar ma'aikatan reluwe ya yi fice a cikinsa, tarihinsu ne kafin ya zama na wani. Bahaushe yana tasha a matsayin fasinja ko ɗan dako ko mai talla, watau yana bakin taga ta waje. Shi ya sa kalmomin da ya ara na fasinja ne, tikiti da faskila da tarago da wagunu, kalmomin cikin inji da na sigina ba su zama na kowa ba. Rikicin 1966 ya kwashe da yawa daga cikin ma'aikatan nan zuwa gida, ya kuma kwashe labaran da ke bakinsu.

Ƙagaggun labarai sun tabbatar da haka. Littattafai biyar na farko da aka buga bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, watau Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sun fito ne daga ofishin da ke Zariya, mahaɗar layuka, kuma tafiya ita ce ƙashin bayan yawancinsu. Duk da haka babu ɗaya da aka gina a cikin tarago. Tafiyarsu ta ƙasa ce da doki da raƙumi da aljani. Wanda ya gane cewa taragon gama-gari dandali ne na ba da labari, inda baƙo ke zama kusa da baƙo tsawon dare, shi ne Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, garin reluwe, a littafinsa The Passport of Mallam Ilia da aka buga a 1960. Labarin Arewa ne, jaruminsa malami ne, a jirgi yake ba da shi, amma da Ingilishi aka rubuta. A shekarar nan kuma Sembène Ousmane ya fitar da Les Bouts de bois de Dieu a kan yajin aikin ma'aikatan layin Dakar zuwa Bamako na 1947 zuwa 1948, layin da ke ƙarewa a bakin wannan Kogin Kwara da ya ratsa ƙasar Bagudo. Sembène ya iya rubuta shi ne domin ma'aikatan mutanensa ne, matansu da 'ya'yansu kuma ya san harshensu. Rashin irin wannan littafi a Hausa bai kamata a ɗora shi a kan gazawar marubuta ba. Marubuci ba ya ƙaga gidan da bai taɓa shiga ba.

Sa'ad da marubutan Hausa suka yawaita, jirgin ya riga ya tsufa. Fasinjojin da hukumar ta ɗauka sun haura miliyan 11 a 1964, suka faɗo ƙasa da miliyan 5 a 1974. An ɗanka gudanarwarta a hannun ƙwararru daga Indiya daga 1979 zuwa 1982, ta ɗan farfaɗo, ta sake komawa. Tituna sun yawaita, man fetur ya yi araha, gyaɗar da aka yi reshen Ƙaura dominta ta ƙare. Don haka littattafan soyayya da suka ɓarke a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 a mota suke kai saurayi zance, a jirgin sama suke kai shi karatu waje. An sake buɗe layin Ikko zuwa Kano ga fasinja a ƙarshen 2012 bayan gyara, amma tsarar da ta tashi ba ta san faskila ba ta riga ta yi 'ya'ya.

Da a ce maganar ta tsaya a tarihi, da sai a bar ta ga masu tarihi. Ba ta tsaya ba. A 2016 aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna mai faɗin zamani, daga Idu zuwa Rigasa, Hausawa da yawa suka koma shiga jirgi saboda tsoron hanyar mota. Harin da aka kai masa ranar 28 ga Maris 2022 ya sa jirgin ƙasa ya shiga bakin kowane mai jin Hausa, ta ƙofar baƙin ciki kuma, kamar yadda ya fara shiga. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wannan layi ne da aka tsara wanda duk tsawonsa cikin ƙasar Hausa yake, kuma zai haɗa masu aro daga Ingilishi da masu aro daga Faransanci a tarago ɗaya. Tambayar da ta shafi masu karanta wannan mujalla ita ce, da wane harshe tashoshinsa za su yi magana? In aka bar abin ga hukuma, tikiti da allo za su zo da harshen hukuma kamar yadda aka saba, Bahaushe ya koma bakin taga. In kuwa aka kafa kwamitin fassara ya zauna a ofis ya ƙirƙiro kalmomi, alhali tarago da wagunu da faskila suna nan a bakin tsofaffi, an yi aikin baban giwa. Kalmomin nan sun riga sun sha gwajin da babu kwamitin da zai iya yi musu: sun bi tsarin sautin harshe, sun sami jinsi da jam'i, an yi ciniki da faɗa da su.

Aikin da jadawalin "Sufuri" ya tsallake yana buƙatar a je wurare biyu. Na farko Ƙauran Namoda da Gusau da Funtuwa, inda sauran waɗanda suka yi dako da talla da gadi a tasha suke, da matan da suka sayar wa fasinja abinci ta taga, domin a ɗauki sunayen da suke kiran jiragen da su, da na taragu, da kirarin da yara ke yi in sun ji kukan jirgi. Mafi ƙanƙantar waɗanda suka ga ganiyar reshen sun haura shekara saba'in. Na biyu garuruwa irin su Matsinkai, inda za a auna iyakar tafiyar kowace kalma: wadda ta iso ta zauna kamar tasha da fasinja da tikiti, wadda ta iso da wata ma'ana, da wadda ta tsaya a hanya. A can kuma za a ji abin da ya shigo ta Faraku da Malanbil a bakin masu zuwa kasuwannin Benin, da abin da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci suka yi da kalmomin. Mai binciken da ya je sai ya kula da yadda zai tsara tambayarsa, domin in ya ce wa dattijo, "Baba, ka taɓa shiga jirgi?" amsar da zai samu ta ranar kasuwar da ta wuce ce, sa'ad da aka yi fito da shi.